Dunduniya Ce Ta Karye, Aka Yi Wa Hanta Kuka

Shekaru sun share mini abubuwa da yawa daga kai, har da fuskokin wasu da na daɗe ina yi wa ɗinki. Amma makonni ukun nan da na yi tsakanin karyewar dunduniyata da ranar da aka tura ni ɗakin tiyata, ko zan shekara ɗari ba za su goge ba. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, ni ma ina taya masu yin ta. A lokacin kuwa babu abin da ya yi kama da dariya a wurina.

Ni tela ne a babbar kasuwar Garwa. Fatauci ne ya kawo kakanmu daga Kano, ya ga gari ya karɓe shi ya zauna, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Keken ɗinkina irin na da ne, mai aiki da ƙafa, wurin mahaifina na gaje shi. Da ƙafar dama nake taka shi tun ina saurayi, saboda haka in na ce dunduniyar nan ita ke ciyar da gidana, ban yi ƙari ba.

Wata Asabar da la'asar, cikin tsananin zafin bazara, 'yan ƙwallon ƙasarmu suna wasa da wata ƙasa. Maiɗakina ta tafi gidan suna tare da yara, ni kaɗai ne a gida. Ana cikin wasa sai hoton talabijin ya fara rawa, can ya ɗauke gaba ɗaya. Na san matsalar, farantin nan na kan rufi da muke ce wa parabol ne iska ta karkatar. Ina da shekara hamsin da biyu a lokacin, ga tumbi Allah ya hore, amma ban tsaya shawara da ko ɗayansu ba. Na jingina tsani na hau. Ina riƙe da farantin ina juya shi a hankali, sai unguwa duka ta ɗauka da ihu, an ci. Ban san sa'ad da na ɗaga hannuwana biyu sama ba. Daga baya na ji ma alƙalin wasa ya soke cin.

A tsaye na sauko, kamar kyanwa, sai dai ni ba kyanwa ba ne. Dunduniyar dama ce ta fara gaisawa da siminti, na ji wani sauti kamar an taka ƙwai. Da jan gindi na isa inuwar bango, a nan maiɗakina ta dawo ta same ni ina gumi. Ta ce, "Malam, me ya kai ka kan rufi?" Na ce yoyo na hau dubawa kafin damina ta kama. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ko gutsuren gajimare babu. Ta leƙa falo ta ga talabijin yana ta surutu shi kaɗai. Sai ta ce, "Sannu."

Maɗori aka fara kirawo mini, wani dattijo daga ƙetaren Binuwai wanda kowa ke yabon hannunsa. Ba zan ci naman bawan Allah ba, na ga mutanen da ya ɗora wa hannu da ƙauri suka warke sarai. Ya ja ƙafar har na kira sunan mahaifiyata da ta shekara goma a kabari, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya ce kwana bakwai zan taka. Aka yi bakwai, aka yi goma sha biyu. Ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, ta koma kamar kabewar da ta kwana biyu a rana. Maiɗakina ba ta nemi izinina ba, ta kirawo tasi har ƙofar gida.

Likitan ƙashin da muka samu a asibiti wani dogon mutum ne ɗan Yagoua, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofishinsa. Da Fillanci ya fara yi mini magana, da ya ji harshena sai ya juya zuwa Hausar kasuwa. Ya tura ni hoton ƙashi, wanda a nan radiyo muke ce masa, ya ɗaga hoton saitin taga ya nuna mini da biro.

"Baba, ka ga nan? Ƙashin dunduniya ba sanda ba ne da za a miƙe a ɗaure. Dunƙule yake kamar curin fura. Naka ya fashe gida huɗu, ya kuma baje. In aka bar shi haka zai haɗe a baje, takalmi ba zai shiga ba, tafiya kuma sai da ciwo har ƙarshen rayuwa."

Na ce, "Keken ɗinki fa, Likita?"

Ya ce, "Shi ma sai dai ka riƙa kallonsa."

Ya ce aiki za a yi, a tsaga, a tattara gutsattsarin a mayar da su mazauninsu, a riƙe su da ɗan farantin ƙarfe da kusoshi. Amma ba a tsaga ƙafa tana kumbure, don fatar ba za ta rufe ba. Sai in koma gida in ɗora ta kan matasai sama da ƙirjina, dare da rana, har fatar ta saki ta yi tamoji. Kuma lokaci ya ƙure, don ƙashin ya riga ya fara haɗewa a karkace, mako guda ya rage mana ko ɗan fiye. Ya sa aka ɗebi jinina kamar yadda ake yi wa duk wanda za a yi wa aiki, ya ce in dawo ranar Talata da sakamakon.

Ranar Juma'a maiɗakina ta karɓo takardar daga labo, wato ɗakin gwajin jini. Da ta san abin da zai biyo baya, na tabbata da a ƙasan akwati za ta binne ta. Sai ta ajiye ambulan ɗin kan tebur kusa da gadona.

Ina da maƙwabci, aminina ne kuma na shekara ashirin, tsohon malamin firamare ɗan Mokolo, Kirista, ya yi ritaya ya zauna a unguwarmu. Duk takardar da ta shigo unguwar da Faransanci, daga ta makaranta har ta kotu, shi ke karanta wa mutane, kuma yana jin daɗin aikin fiye da yadda yake nunawa. Mushe muke ce masa, wato yadda bakinmu ya iya faɗin Monsieur. Ya sha roƙon mu da mu daina, don ya zauna da Hausawa ya san abin da mushe yake nufi, amma suna ya riga ya bi shi. Ni makarantar allo na yi, Faransancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba.

Da yamma ya shigo duba ni, idonsa ya faɗa kan ambulan. Ban ce ya buɗe ba, ban kuma hana shi ba. Ya zaro tabarau ya maƙala a kan hanci, ya fara bin layi da yatsa. "Normal. Normal. Jininka lafiya lau, Tela. Normal." Sai yatsan ya tsaya. Akwai wani layi da aka buga lambarsa da baƙin rubutu mai kauri, aka sa masa ɗan tauraro a gefe.

Na ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Fosfataz alkalin. Ya hau."

"Shi ne wa?"

"Dakata."

Ya ciro wayarsa ya shiga dannawa da yatsa ɗaya. Ina kallon fuskarsa tana canzawa kamar sararin sama gab da hadari. Ya karanta, ya ja ƙasa, ya sake karantawa, leɓɓansa suna motsi. Can ya cire tabarau ya naɗe a hankali ya sa aljihu, ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, akwai wanda ya taɓa ciwon hanta a danginku?"

Wannan ɓangaren kam ko yanzu ba na iya yi masa dariya. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ciwon hanta ne ya kashe shi shekara shida kafin wannan rana. Ƙato ne mai ƙarfi, dillalin albasa, a cikin wata huɗu ya koma ƙashi da fata, ciki ya kumbura, idanu suka yi ɗorawa. Sa'ad da aka kai shi asibiti suka ce an makara. A hannuna ya cika. Na faɗa wa Mushe haka, ko da yake ya sani, don da shi aka yi zaman makoki. Sai ya juyo mini da wayar kamar zan iya karantawa, ya ce, "An rubuta a nan, yana hawa a jinin masu cancer du foie." Kalmar kansa dai ba ta bukatar tafinta. Dattijon nan ya kama hannuna ya fashe da kuka, ni ma na taya shi.

Kafin ya fita na fara jin ciwon. Na dafe gefen cikina na ce, "Ka ga nan, Mushe, dama kwana biyu ina jin nauyi a nan." Ya share hawaye ya duba, ya ce, "Nan hagu ne, hanta a dama take." Wallahi ko rufe baki bai yi ba ciwon ya ƙaura dama. Na sa aka miƙo mini madubi na buɗe idona da yatsu, na ga sun yi rawaya. Idon tela mai shekara talatin yana zura zare a allura, yana cin goro, yaushe rabonsa da fari? Amma ranar ban yi wannan tunanin ba.

Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ya rantse. Matarsa kaɗai ya faɗa wa, don ta sa ni a addu'a. Ita kuma mata biyu kawai ta faɗa wa a bakin famfo. Kafin sallar magariba an fara sallama a ƙofar gidana, mutane suna shigowa da fuskar ta'aziyya suna ce mini "ya jiki" da wata irin murya mai laushi wadda ban taɓa jin an yi wa mai karaya ita ba. Maiɗakina a bakin wata maƙwabciya ta ji cewa mijinta ya kusa tafiya.

Washegari na tashi da niyya ɗaya, ba zan gamu da Ubangijina da hakkin kowa a wuyana ba. Na sauke ƙafar nan daga kan matasai, na sa aka fitar da ni zaure aka zaunar da ni kan kujera, ƙafa tana reto a ƙasa, na fara aikawa a kirawo mini mutane.

Na farko shi ne telan da rumfarsa ke manne da tawa a kasuwa. Shekara goma sha biyar muna gaisawa da haƙora, zukata kuwa Allah kaɗai ya sani. Ya zo ya tsuguna, na ce, "Maƙwabci, ka yafe ni. Duk wanda ya tambaye ni aikinka, ce masa nake yi wandonka ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo." Ya ce ya yafe duniya da lahira. Daɗin yafiyar ya ɗebe ni, na ce, "Keken mahaifina ma na ba ka. 'Ya'yana duk boko suka bi, babu mai taka shi. Ka je ka ɗauka yau." Ya ce a'a, na ce sai ya ɗauka, har na yi fushi. Ya ɗauka.

Na biyu wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwa, wanda ni ke yi masa ɗinki da shi da iyalinsa tun aurensa na fari. Ya shigo da ƙamshin turarensa ya zauna yana ta ba ni haƙuri. Na ce, "Alhaji, in na ce maka babbar riga yadi goma take ci, tara take ci." Ya ce, "Haba, wannan ai ba komai." Da na tsaya a nan da na tsira da mutuncina. Sai na ce, "Ka tuna wata Sallah da ka ga 'ya'yana maza uku da shadda ruwan toka, ka ce ta yi kama da taka? Ba kama ba ce, Alhaji." Ya ce Allah ya ba ni lafiya, amma na lura a gajarce ya faɗe ta.

Haka na wuni Asabar da Lahadi. Na faɗa wa ladanin masallacinmu cewa ni ne na fara kwaikwayon muryarsa a majalisa. Na faɗa wa mai shayin bakin layi abin da nake cewa game da madararsa. Duk wanda ya shigo da hawaye, sai ya fita yana ɗan tunani.

Maiɗakina na bari a ƙarshe. Kwana biyu ta yi tana kuka a ɓoye, tana shiga kicin ta fito da jajayen idanu ta ce hayaƙi ne. Ranar Litinin da hantsi na kira ta ta zauna bakin gado. Na ce, "Uwar yara, ba yoyo na hau dubawa ba. Ƙwallo ce." Ta ce, "Na sani, Malam, na yafe." Na ce akwai saura. Tana da wata miya da take ji da ita, miyar tafasa, wadda a nan tasɓa ake ce mata, da busasshen kifi, wurin mahaifiyarta ta koya, duk Juma'a ita ake yi a gidana. Na ce, "Miyar nan taki ta Juma'a, ban taɓa son ta ba. Haɗiya kawai nake yi don kada ranki ya ɓaci."

Hawayen da ke idonta suka tsaya cak, kamar an rufe famfo.

"Shekara ashirin da uku?"

"Ki yafe ni."

"Kana cewa a ƙaro?"

"Don ki ji daɗi ne."

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, irin kallon da take yi wa kifi a kasuwa kafin ta taya. Ta ce, "Gobe Talata. Da ƙarfe nawa za mu tafi?" Na ce babu inda za ni. Wa ke gyara dunduniyar mamaci? A bar ni in tafi da ƙafata yadda take, babu mai tsaga ni a banza.

Ta miƙe tsaye ta gyara ɗaurin zaninta. "Malam, na yi jinyar yayanka tare da matarsa, na ga yadda ciwon nan yake. Cokali biyu na kunu ba ya iya shanyewa. Kai jiya malmala biyu ka tashi da ita, ka aika a sayo maka kilishi. Ban ce ba za ka mutu ba, kowa zai mutu. Amma wanda ya sa a ɗebi jinin, shi zai faɗa mini, ba waya ba." Ta fita, na ji ta tana ƙwala sallama ta kan katanga. "Mushe! Gobe ka shirya, da kai za mu. Ka zo ka karanta masa a gaban mai takardar."

Haka muka shiga ofishin likita mu uku, ni a keken marasa lafiya ina jan carbi, Mushe da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Likita bai ko kalli takardar ba, ƙafar ya fara buɗewa. Ya ga ta cika ta yi tam tana sheƙi. Ya ce, "Baba, ina matasan da na ce?" Na ce, "Likita, mutumin da zai bar duniya ina ruwansa da matasai?" Ya dubi maiɗakina, ita kuma ta nuna Mushe da haɓa.

Mushe ya gyara murya ya yi bayani da Faransanci mai tsafta, har da ɗaga yatsa. Likita ya karɓi takardar ya duba layin mai tauraro. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya juya mana baya kamar yana neman wani abu a kabad, ya daɗe a haka, sannan ya juyo yana goge ido.

"Monsieur, me ka koyar a makaranta?"

Mushe ya ce, "Lissafi da shifta."

"To, madalla."

Ya jawo kujera ya zauna gabana. "Baba, kai tela ne. A ce rumfa ɗaya, teloli biyu. Da safe ka zo ka ga ƙyallaye sun cika ƙofa. Za ka iya cewa na wane ne?" Jin an ambaci ƙyalle sai na sunkuyar da kai, na ce a'a. Ya ce, "To wannan abin da ya hau a jininka haka yake. Wuri biyu ne suka fi zubo shi, hanta da ƙashi. In hanta ta toshe ko wani abu ya tsiro a cikinta, yana hawa, wayar ba ta yi ƙarya ba. Amma in ƙashi ya karye ya fara gini, masu ginin su ma shi suke zubarwa. Yaro mai tasowa ma nasa ya fi na babba. Kai da ka farfasa dunduniya gida huɗu mako biyu da suka wuce, da bai hau ba da na yi mamaki. Kuma lamba ɗaya a takarda ba ta isa a ce wa mutum yana da kansa ba, ko da ta hanta ce."

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ƙirji. Ciwon gefen daman nan ya ɓace ban san ta inda ya bi ba. Sai maiɗakina ta ce, "Likita, yayansa ciwon hanta ne ya kashe shi. Shi ya sa ya tsorata."

Nan take dariyar ta bar fuskarsa. Ya tambayi shekarun yayana, da yadda ciwon ya fara, da ko an taɓa gwada ni. Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To wannan maganar ta fi takardar nan nauyi." Ya rubuta wasu gwaje-gwajen. Ɗaya ya ce gama-jete ake kiransa, shi ƙashi ba ya zubo shi, in yana daidai to hawan na ƙashi ne. Ɗaya alfa-feto, wanda yakan hau in kansa ta kama hanta, ko da yake shi ma ba a dogara da shi shi kaɗai. Sai gwajin ƙwayar cutar hanta, da hoton ciki, ekografi, don a ga hantar da ido. Ya ce, "Kwana biyu. Kuma Hajiya, in ya sauke ƙafar nan daga matasai, ki ɗaure ta a jikin taga."

Kwana biyun nan sun fi na farko tsawo, don yanzu tsoron na gaskiya ne, ba na waya ba. Ban kira kowa neman gafara ba. Na kwanta ƙafa a sama, ita kuma tana zaune kusa da ni tana tsince shinkafa, ba ta yi mini magana sosai, amma ba ta matsa ko'ina ba.

Ranar Alhamis likita ya jera takardun a gabansa ya ce babu kansa. Hanta sumul take a hoto, sauran lambobin duk suna wurinsu. Amma ƙwayar cutar hanta, irin wadda ake kira hepatit B, tana jinina, a kwance, mai yiwuwa tun ina jariri, kuma mai yiwuwa ita ce ta yi wa yayana aiki a ɓoye shekara da shekaru. Ya ce ba hukuncin kisa ba ne, amma daga yau duk wata shida sai an duba jinina an yi hoton ciki, don in wani abu zai tsiro a kama shi yana ƙarami. Ya haɗa ni da likitan hanta, ya ce a kawo iyalina duka a gwada su. Aka gwada, aka yi wa waɗanda ba su da kariya rigakafi. Har 'ya'yan marigayi yayana na sa aka kawo, aka sami ɗaya da ita, yanzu tare muke zuwa dubawa.

Muna fitowa daga ofishin, Mushe da ya yi kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ni ya gyara wuyan kwat ɗinsa ya ce, "Hanta dai na ce, ko ba hanta na ce ba?"

Ranar Asabar fatar ƙafa ta yi tamoji, aka shiga da ni. Likita ya ce da na ƙara 'yan kwanaki ina karɓar ta'aziyyar kaina a zaure, da aikin ya gagara. Faranti ɗaya da kusoshi bakwai ya sa mini, suna nan har yau, in sanyi ya kama sukan gaishe ni. Wata uku aka hana ni taka ƙasa da ƙafar, sai sanduna biyu a hammata.

Sai kuma babban aikin, wato ci gaba da zama cikin mutanen da na yi wa ban kwana. Alhaji bai daina kawo mini ɗinki ba, amma yanzu a gabansa ake aunawa, in an gama kuma sai ya ce, "Tela, ina ragowar?" Ladan ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da kai. A gida kuwa, tsawon wata ukun nan da ba ni da ƙafar gudu, miyar tafasa aka koma yi Litinin da Laraba da Juma'a. In na ɗaga ido sai ta ce, "Ganye ne, Malam, yana da kyau ga mai hanta. A ƙaro?"

Keken mahaifina shi ya fi damuna, don ban san da wane baki zan ce a dawo mini da kyautar da na yi da fushi ba. Ranar da na fara komawa kasuwa da sanda, sai na tarar da shi a rumfata, an goge shi an sa masa mai, an kuma ɗaura masa ɗan injin lantarki a gefe. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Na ji an ce ƙafar ba za ta jure taka shi wuni guda ba tukuna." Ashe duk ɗinkin Sallar da na karɓa kafin in faɗi, shi ya ƙarasa ya miƙa wa masu shi da sunana. Na fara kame-kame kan maganar wandon nan. Ya ce, "Bar shi kawai. Ni ma shekara goma sha biyar ina ce wa mutane aljihunka ba ya riƙe kuɗi." Yanzu kwano ɗaya muke cin abincin rana.

Abin da na koya ba shi da wuyar faɗa. Takardar asibiti wasiƙa ce tsakanin labo da likita, kai ɗan aike ne kawai, ka kai ta inda aka aike ka, kada ka tsaya a hanya wani ya karanta maka rabi. In ciwon hanta ya taɓa ɗaukar wani a gidanku, ka je a gwada ka da ƙafafunka biyu, kada ka jira sai rufi ya jefo ka. Neman gafara kuwa abu ne mai kyau, ban yi nadamarsa ba, kuma gara mutum ya yi shi yana da lafiya. Sai dai in za ka nema, ka ce "ka yafe ni" ka yi shiru. Kada ka shiga kawo bayani dalla-dalla, domin mai yiwuwa ne ka rayu.